Ciwon dajin hanta da ya wuce tiyata: Tecentriq da Avastin, ko Imfinzi da Imjudo?

Idan hoton hanta ya nuna ƙari ya yi yawa, ko ya kutsa cikin jijiya, ko ya tsallaka huhu, maganar yanke shi ko ƙona shi ta wuce. A nan ne likitan ciwon daji, a Abuja yake ko Alƙahira ko Delhi, yakan ajiye wa iyali sunaye huɗu masu wuyar faɗa, biyu-biyu. Haɗin farko atezolizumab ne tare da bevacizumab, waɗanda kamfanin Roche ke sayarwa da sunan Tecentriq da Avastin. Na biyu durvalumab tare da tremelimumab na kamfanin AstraZeneca, wato Imfinzi da Imjudo. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da na farko a watan Mayun 2020, na biyu kuma a Oktoban 2022. Dukansu ta ƙarin ruwa ake ba da su, dukansu garkuwar jiki suke zaburarwa, kuma ko wanne aka ɗauka kuɗinsa na iya cinye gona da gida. Kowane haɗi yana da saƙonnin da yake tsarewa tsakanin ƙwayoyin jiki, kuma daga waɗannan saƙonnin ne amfaninsa da illarsa suke fitowa. Wanda ya gane su zai gane dalilin da ya sa likita ya karkata wani ɓangare.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Babban binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano kashi 8.1 cikin ɗari na manya suna ɗauke da ƙwayar hepatitis B, ga kuma gubar aflatoksin da ke fitowa a gyaɗa da masarar da suka ji laima a rumbu. Su biyun in sun haɗu a hanta ɗaya, ciwon yakan zo da wuri. Wani nazari da aka wallafa a 2017 a kan majinyatan ƙasashen Afirka ya nuna a Masar matsakaicin shekarun masu ciwon 58 ne, a sauran ƙasashen kuwa, har da Najeriya da Gana, 46 ne. Magidanci ke nan mai ƙananan yara.

Birki biyu da hanya ɗaya

Ƙwayar garkuwar da ke kashe ƙwayoyin daji ana kiranta ƙwayar T. Ba ta tashi aiki da saƙo ɗaya. A cikin kaluluwa wata ƙwaya mai rassa, dendiritik, takan kawo mata ɓarɓashin furotin ɗin ƙarin ta nuna mata. Wannan saƙon farko ne. Na biyu yana zuwa ne idan furotin CD28 da ke jikin ƙwayar T ya kama B7 da ke jikin dendiritik. Da zarar biyun sun cika, sai layin saƙo na furotin PI3K da Akt ya kunnu a cikinta, ta fara cin sukari da yawa, ta rarrabu ta zama dubbai, ta fita neman ƙarin.

Jiki bai bar wannan abu sake ba, don in ya bar shi garkuwa za ta cinye mai ita. Kwana ɗaya zuwa biyu bayan ƙwayar T ta tashi, sai ta fito da wani furotin mai suna CTLA-4, wanda yake kama B7 da ƙarfi fiye da CD28, har ma yakan fizge shi daga jikin dendiritik ya haɗiye. Akwai kuma wasu ƙwayoyin T masu aikin kwantar da tarzoma, Treg, waɗanda kullum CTLA-4 ke cike a jikinsu. Idan muka ɗauki ƙwayar T a matsayin mota, CTLA-4 birkin hannu ne da ke riƙe ta tun tana tasha. Tremelimumab shi yake saki. Masanin garkuwar jiki James Allison ne ya nuna a 1996 cewa toshe CTLA-4 na narkar da ƙari a jikin ɓeraye.

PD-1 kuwa birkin ƙafa ne, a kan hanya ake taka shi. Tasuku Honjo ya gano shi a Kiyoto ta Japan a 1992, kuma shi da Allison suka raba kyautar Nobel ta 2018. Aikinsa ya fi bayyana a cikin ƙarin kansa. Idan furotin PD-L1 na jikin ƙwayar daji ya taɓa PD-1 na ƙwayar T, jelar PD-1 da ke cikin ƙwayar takan jawo wani enzayim mai suna SHP-2, shi kuma aikinsa cire fosfet. Saƙonnin tashi kuwa da fosfet ake rubuta su, a kan CD28 da sauran furotin ɗin da ke kusa. SHP-2 na bi yana gogewa, ƙwayar T tana nan a tsakiyar ƙari, tana ganin abokin gaba, amma ta yi laƙwas.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan layin shi ne, sau da yawa ƙwayar T ce ke jawo wa kanta. Idan ta fara faɗa takan saki sinadarin intaferon-gama. Ƙwayar daji na karɓar wannan saƙo ta furotin JAK1 da JAK2, su kunna STAT1, shi kuma ya shiga cibiyar ƙwaya ya ba da umarnin a ƙara buga PD-L1. Iya zafin harin, iya kaurin kariyar. Atezolizumab da durvalumab duka PD-L1 suke rufewa, saboda haka ta wannan fuskar haɗin biyu kusan abu ɗaya suke yi. Bambancin yana ga abokin tafiyar kowanne.

Abokin atezolizumab bai taɓa birki ko ɗaya ba, hanya yake gyarawa. Ƙarin hanta na girma fiye da jinin da ke isa gare shi, tsakiyarsa ta rasa iskar oksijin, furotin HIF-1 ya taru ya sa a yi ta zubo VEGF, saƙon da ke cewa a tsiro da sabbin jijiyoyi. Jijiyoyin da ke fitowa a gurguje karkatattu ne masu yoyo. Bangonsu kuma yakan rage ICAM-1 da VCAM-1, 'yan furotin ɗin da ƙwayar T ke riƙewa kafin ta ratsa ta shiga nama, don haka sai ta wuce da jini ba ta sauka ba. VEGF ɗin dai yana hana dendiritik balaga, yana kuma kiran Treg da wasu ƙwayoyin ɓargo masu danne garkuwa su taru a wurin. Bevacizumab na kama VEGF a cikin jini ya hana shi isar da saƙo. Ita hanta dama can gaɓa ce mai haƙuri: duk abin da hanji ya tsotsa ta cikinta yake bi, da za ta tayar da faɗa a kan kowane baƙon abu da ba mu iya cin tuwo ba. Ƙari na fakewa da wannan haƙurin.

Abin da gwaje-gwajen suka nuna

An gwada kowane haɗi ne da tsohon maganin haɗiya, sorafenib, wanda aka fara amfani da shi a 2007. Gwajin IMbrave150 ya ɗauki mutum 501. Rabin waɗanda suka samu atezolizumab da bevacizumab sun wuce wata 19.2 a raye, na sorafenib wata 13.4. Ƙarin ya ragu sosai a jikin kusan kashi 30 cikin ɗari. Gwajin HIMALAYA ya fi girma, mutum 1,171. A can haɗin durvalumab da tremelimumab ya ba da wata 16.4, sorafenib 13.8, kuma ƙari ya ragu a kusan kashi 20.

Mai karatu zai ce ai magana ta ƙare, 19 ta fi 16. Kada a yi saurin yanke hukunci. Ba a taɓa sa haɗin biyu a babban gwaji ɗaya aka kwatanta su fuska da fuska ba, kuma mutanen da aka ɗauka ba iri ɗaya ba ne. Kusan rabin na IMbrave150 masu hepatitis B ne, a HIMALAYA kusan kashi ɗaya cikin uku. HIMALAYA bai karɓi wanda ƙari ya toshe masa babbar jijiyar da ke kawo jini daga hanji zuwa hanta ba, IMbrave150 ya karɓa. Wannan na ƙarshen yana da nauyi a wurinmu, don da yawa sai ciwo ya kai nan suke isa asibiti. Wanda hotonsa ya nuna babbar jijiyar a toshe, hujjar da ake da ita a kansa ta fi ƙarfi a ɓangaren Tecentriq da Avastin.

HIMALAYA kuma yana da nasa abin nunawa, sai dai a can ƙarshen layi yake. A farkon watanni haɗin bai jinkirta girman ƙari fiye da sorafenib ba, wata 3.8 da 4.1 ne. Amma bayan shekara 3 kashi 30.7 na raye, na sorafenib 20.2, bayan shekara 5, kashi 19.6 da 9.4. Mutum ɗaya cikin biyar ya kai shekara biyar da ciwon da a da ake ƙirga masa watanni. Wannan ya dace da abin da aka sani game da CTLA-4: sakinsa na faɗaɗa ire-iren ƙwayoyin T da ke fitowa daga kaluluwa, kuma wasunsu na zama masu tuna abokin gaba shekara da shekaru. Allura ɗaya tak ake yi ta tremelimumab, miligiram 300 a ranar farko, daga nan durvalumab kaɗai ke ci gaba.

A taƙaicen wannan ɓangare, idan ƙari babba ne yana matse hanta kuma ana bukatar ya ja baya da wuri, haɗin bevacizumab ya fi yawan yin hakan.

Jini

Ga inda zaɓin yakan yanke kansa. Hantar da hepatitis B ta daɗe tana ci takan yi tauri, jini ya kasa ratsa ta, ya nemi wata hanya ta ƙananan jijiyoyin ƙasan maƙoshi da bakin tumbi. Jijiyoyin sai su kumbura, fatarsu ta yi siriri. Irin tsutsar tsargiyar da ke zama a jijiyoyin hanji ma tana haddasa haka, ko da hantar ba ta lalace sosai ba, kuma masu noman rani da masunta sun san ta. VEGF shi ne saƙon da jiki ke amfani da shi wajen gyaran bangon jijiya da warkar da rauni. Ka toshe shi a jikin mai irin waɗannan jijiyoyi, ka ƙara masa haɗarin aman jini.

Shi ya sa IMbrave150 bai karɓi kowa ba sai an leƙa cikinsa da kyamara a cikin wata 6 kafin a fara, an kuma magance jijiyoyin da aka gani. Aikin ba dogo ba ne. Majinyaci na zuwa da azumi, a fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, a sa masa roba tsakanin haƙora, a zura siririn bututu mai fitila. Inda likita ya ga jijiya ta yi tsuru-tsuru, na'urar na tsotso ta ta ɗaure gindinta da ɗan zoben roba, bayan kwanaki ta bushe ta faɗi. Wani lokaci sai an maimaita, kuma wurin na bukatar ya warke kafin a fara bevacizumab. Duk da wannan tacewar, zubar jini daga saman hanji ta samu kusan kashi 7 cikin ɗari na masu haɗin, na sorafenib 4.5. To ina ga wanda ba a leƙa ba? Idan aka ce za a sa wa ɗan'uwanka Avastin kuma ba wanda ya yi maganar endoskopi, wato wannan leƙen ciki, ka tambaya da babbar murya, cikin ladabi.

Bevacizumab na kuma ta da hawan jini, mai tsanani a kusan kashi 15 na waɗanda aka gwada, yana sa furotin ya zubo a fitsari, yana hana rauni haɗewa, har ana dakatar da shi aƙalla kwana 28 kafin tiyata. Wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya kwanan nan, ko ƙodarsa ta raunana, ko hawan jininsa ya ƙi jin magani, haɗin Imfinzi da Imjudo ya fi masa sauƙi. HIMALAYA bai wajabta leƙen ciki ba, ko da yake shi ma ya ƙi waɗanda suka yi zubar jini ba da daɗewa ba.

Idan garkuwa ta juyo gida

Sakin birki biyu a lokaci ɗaya yana da farashi. A HIMALAYA mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda suka samu haɗin ya bukaci siteroid, maganin danne garkuwa, mai yawa saboda garkuwarsa ta kai wa lafiyayyar gaɓa hari: fata, hanji, hantar kanta, huhu, ko halittar wuyan nan da in ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Atezolizumab ma na yin haka, amma toshe CTLA-4 ya fi tsokano hanji da fata, kuma yawancin abin na zuwa ne a watanni uku na farko.

Wannan illar ce nake jin tsoronta ga mutanenmu fiye da yadda takardun gwaji ke nunawa. A ce an yi wa magidanci allura a birni ya koma gida. Bayan mako biyar gudawa ta kama shi, sau shida, sau bakwai a rana, da murɗar ciki. Kowa zai ce taifot ne ko atini. A je kemis a karɓo Flagyl da Cipro, a haɗa da jiƙo, a yi kwana huɗu ana jiran sauƙi. Alhali ƙwayoyin T ɗinsa ne ke cin bangon hanjinsa, kuma maganin wannan siteroid ne irin prednisolone a hannun likitan da ya san abin da aka ba shi. Jinkiri na iya kaiwa ga hujewar hanji. Duk wanda zai karɓi ɗaya daga cikin haɗin nan, musamman mai tremelimumab, ya riƙe takarda mai sunan maganin da ranar allura a aljihu, kuma a samu lambar likitan da zai ɗaga waya da dare. Haka kasala mai tsanani, sabon tari, ko idanu su ƙara yin ɗorawa: a kira, kada a jira ranar ganin likita.

Siteroid ɗin ma a ƙasarmu ba abin wasa ba ne. Yana iya tayar da tarin fuka da ke kwance, yana hargitsa sukari, yana kuma ba hepatitis B damar yin tsalle.

Zirga-zirga da aljihu

Atezolizumab miligiram 1,200 ne tare da bevacizumab miligiram 15 ga kowane kilo na nauyin jiki, duk mako 3. Mai kilo 60 zai karɓi miligiram 900 na bevacizumab kowane zuwa, da awon jini da na fitsari. Durvalumab miligiram 1,500 ne duk mako 4. A shekara, zuwa 17 ke nan a haɗin farko, 13 a na biyu. Ga mai tasowa daga Gashuwa ko Zinder, ko wanda ya kama haya a Indiya da ɗan rakiya, huɗun nan ba ƙaramin abu ba ne. Ta wajen kuɗi, haɗin AstraZeneca ya fi nauyi a zuwan farko saboda Imjudo, daga baya magani ɗaya ake saya. Na Roche magani biyu ne kowane zuwa, sai dai bevacizumab yanzu yana da kwatankwacinsa daga wasu kamfanoni a farashi mai rahusa. A nemi asibiti ya rubuta kuɗin wata shida gaba ɗaya, har da hotuna da gwaje-gwaje, kafin a sayar da komai. Fara magani a tsaya a allura ta biyu don kuɗi sun ƙare shi ne asara biyu.

Waɗanda ba a yi gwajin da irinsu ba

Gwaje-gwajen biyu sun ɗauki masu hantar da ke aiki da kyau ne kawai, matakin A a ma'aunin Child-Pugh, wanda ke duba shawara, furotin albumin na jini, daskarewar jini, ruwan ciki da rikicewar hankali. Kuma mutane ne da ke iya tashi su yi harkarsu. Wanda cikinsa ya cika da ruwa, idanunsa suka yi ɗorawa, yake wuni a kwance, alƙaluman da na kawo a sama ba nasa ba ne. A mataki na C maganin garkuwa ba ya tsawaita rai, hantar ce ke gazawa kafin ƙarin ya gama aikinsa. Abin da zai amfane shi a zuƙe ruwan ciki, a ba shi maganin ciwo na gaske har da mofin idan ya kama, a bar shi kusa da iyalinsa. Likitan da ya faɗi haka bai yi rowar magani ba. A matakin B mai sauƙi wasu likitoci kan ba da durvalumab shi kaɗai, wanda a HIMALAYA bai gaza sorafenib ba kuma illarsa ta fi sauƙi.

Wanda aka yi wa dashen hanta ko ƙoda kuwa, duka haɗin biyu haɗari ne gare shi, domin layin PD-1 na cikin abin da ke hana jiki ƙin gaɓar da aka dasa. Shi da mai ciwon da garkuwa ke cin jiki mai tsanani, hanyarsu magungunan haɗiya ce, sorafenib ko lenvatinib da aka amince da shi a 2018. Su ma layin VEGF suke toshewa, amma daga cikin ƙwaya.

Akwai haɗi na uku da za a iya ambata muku, nivolumab da ipilimumab, wanda Amurka ta amince da shi a Afrilun 2025. Shi ma PD-1 da CTLA-4 yake toshewa, sai dai ana maimaita mai toshe CTLA-4 har sau huɗu. Ƙari ya ragu a kashi 36, amma illar garkuwa ta fi yawa kuma an fi rasa mutane a watannin farko. Sai mai ƙarfin jiki da ke zaune kusa da asibiti.

Wani zai tambaya ko akwai gwajin da zai nuna tun farko wanda maganin zai yi wa aiki. A ciwon dajin huhu ana auna PD-L1, a na hanta awon bai zama abin dogaro ba. Masu bincike na sa ido a kan layin Wnt da beta-katenin, wanda ke kunne a kusan kashi uku cikin goma na ƙarin hanta kuma yake rage sinadaran da ke kiran dendiritik, sai ƙarin ya zama ba ƙwayoyin T a cikinsa balle a sake musu birki. Har yanzu ba a zaɓar magani da shi a asibiti, don haka kada a biya kuɗi mai yawa a kan gwajin da ba zai canza shawara ba.

Da ni za a tambaya a kan majinyaci mai hanta matakin A, wanda aka leƙa cikinsa aka ɗaure abin ɗaurewa, hawan jininsa na jin magani, ƙodarsa lafiya, zan karkata ga Tecentriq da Avastin, musamman in ƙarin babba ne ko ya shiga babbar jijiya. In jijiyoyin maƙoshi manya ne, ko babu inda za a yi endoskopi cikin lokaci, ko akwai matsalar zuciya da ƙoda, Imfinzi da Imjudo ne, da sharaɗin a zauna kusa da likita watanni ukun farko.

Ko wanne aka ɗauka, mai hepatitis B sai ya fara shan maganin danne ƙwayar, tenofovir ko entecavir, kafin allurar farko, kamar yadda aka wajabta a gwaje-gwajen biyu, kuma ba ya dainawa ko an dakatar da maganin dajin. Matarsa, 'ya'yansa da 'yan uwan da suka fito ciki ɗaya su je a gwada su. Wanda ba shi da ƙwayar a yi masa rigakafi, wanda ke da ita likita ya tsara masa hoton hanta duk wata 6, domin ƙarin da aka kama yana ƙasa da santimita 3 ana iya ƙona shi ko a yanke shi.